Labarin Sarkin Kumbo Ba Nawa Ba Ne

Duk wanda ya tashi a gidan nan ya ji labarin Sarkin Kumbo daga bakina. Kun ji shi kuna ƙanana, 'ya'yanku ma sun ji. Akwai ranar da na ji Bashiru a zaure yana gaya wa abokinsa wai kaf Wurno babu wanda ya kai mahaifinsa iya shirya labari. Na ji shi sarai, na yi gum, domin yabon ya yi mini daɗi. To, yau tunda na zauna rubuta rayuwata, gara in sauke kayan da ba nawa ba. Labarin nan na Mamman ne, ɗan Gwaggo Ige, wanda kuka sani da Baba Mamman na Tursa. Kun sha tambayata abin da ya sa taubashina guda ba ya tsokanata kamar yadda taubasai ke yi, sai dai mu gaisa a tsaye kamar baƙi. Na sha ce muku halinsa ne. Ba halinsa ba ne, ni na mayar da shi haka.

Abin ya faru a shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo. Lokacin ina akawu a ofishin noman rani, da biro biyu a aljihu, ina jin Turanci, kuma ina son a san ina ji. Da masu aikin ginin suka tashi komawa, sai aka yi gwanjon tarkacen sansaninsu. Wasu suka sayi katifa, wasu kwanon rufi. Ni kuwa na ɗauko injin majigi da ƙaramin janareta da lasifika da gwangwanaye uku na fim. Mai kula da siton ya gaya mini gaskiya tun kafin in ɗauka. Ya ce wannan ba irin fim ɗin gidan silima ba ne. Can da daɗewa aka yi shi don talabijin, gutsure-gutsure, ana nuna ɗan kaɗan duk mako. Daga baya wani ya tattara ya ɗinke su wuri guda, kamar yadda tela ke haɗa ragowar ƙyallaye ya yi wa yaro riga. Na ce ba komai, hoto dai yana motsi.

Da na haska shi na ga abin da mutumin yake nufi. Baƙi da fari ne, labarin wasu 'yan sama-jannati da ke yawo a kumbo daga tauraro zuwa tauraro. Kumbon nan idan ka ƙura ido za ka ga zaren da aka rataye shi. Duwatsun duniyar wata suna girgiza in mutum ya jingina da su. Akwai mutum-mutumin ƙarfe da ke tafiya da ƙyar, amma takalmin mutumin da ke ciki ya leƙo ta ƙasa. Mataimakin shugaban jirgi a gwangwani na farko siriri ne, a na biyu ya zama wani ƙato mai gashin baki, kuma babu wanda ya yi bayani. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wuraren ɗinkin. Duk bayan ɗan lokaci allo zai yi duhu, in ya dawo sai a maimaita abin da aka gani yanzun nan, magana da motsi duka, domin a tuna wa masu kallon talabijin inda aka tsaya a makon jiya. Wanda ya ɗinke fim ɗin ko dai malalaci ne, ko yana son ya yi tsawo, bai yanke maimaicin ba.

Duk da haka na fara nunawa. Nakan ari siton albasa da aka kwashe, a toshe tagogi da buhuna, a rataya farin ƙyalle, tsakanin azahar da la'asar, ranar kasuwa a Goronyo ko Rabah ko nan Wurno. Zafi da warin albasa sai wanda ya shiga. Ni ke riƙe da lasifika ina fassarawa, kalma da kalma, ba ragi ba ƙari. In bature ya ce a murɗa maɓalli na huɗu, in ce a murɗa maɓalli na huɗu. Mutane sukan shigo don ganin abin mamaki, kafin a kai rabi wasu sun yi gyangyaɗi, wasu sun fita neman fura.

Mamman ya shigo harkar ne saboda ba shi da abin yi. Ya girme ni da shekara guda, manomin gero da albasa ne, bai taɓa zama a aji ba. Ƙauyensu yana cikin waɗanda ruwan madatsa ya rufe, aka tashe su, ya zauna wajen Kagara yana jiran a ba shi fili a noman rani. Mahaifiyarsa, Gwaggo Ige, ta rasu kafin tashin, kabarinta yana can ƙarƙashin ruwa. Ita kaɗai ce shaƙiƙiyar mahaifina, Malam, amma ban taɓa jin ya ɗaga zancen ba. Mamman ke ɗaukar janareta, shi ke ja masa igiya, yana tsokanata daga safe har yamma. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Akawu. Ni kuma ina ce masa Sarkin Albasa.

Wata ranar kasuwa a Rabah mura ta kama ni, murya ta dushe, ga sito ya cika. Na buɗe baki, sai iska. Mamman ya miƙo hannu.

"Akawu, ba ni abin ga. Mutane ba su zaka kallon bebe ba."

Na ce masa da raɗa, "Kai da ba ka jin ko zo in kashe ka da Turanci, mi za ka hwaɗa musu?"

"Abin da idona yag gani," in ji shi.

Na ba shi, ina jiran ya sha kunya in samu abin tsokanarsa har shekara. Kafin a yi nisa ya raɗa wa kowa suna. Shugaban jirgi ya zama Sarkin Kumbo, mutum-mutumin ya zama Garwa, tsohon mai farar riga da ke duba na'urori ya zama Tsoho kawai. Ya ce mutanen nan an tashe su ne daga garinsu, suna yawo cikin taurari suna neman inda za su yi shuka. Da wani ya hango zaren ya yi dariya, sai Mamman ya ce:

"Kak ku yi dariya. Ko jirgin bature sai da abin da ke riƙe da shi daga bisa."

Da mataimakin ya canja fuska, bai ko yi jinkiri ba.

"Wancan siririn ya koma gida ban-ruwan albasa. Wanga wanai na, shi yak karɓe shi."

Amma inda ya gama da ni shi ne wurin maimaicin, abin da ni nake jin kunyarsa, nake cewa jama'a su yi haƙuri. Sarkin Kumbo ya durƙusa gaban sarauniyar wani tauraro, Mamman ya sa ya ce, ranki ya daɗe, mun zo da alheri. Allo ya yi duhu, ya dawo, ga sarkin ya sake durƙusawa. Sai Mamman ya sassauta murya.

"Na hwarko abin da bakinai yah hwaɗi na. Yanzu ku saurara ku ji zuciyatai. Ya ce: wagga mata ko ruwa ba ta ba baƙo."

Siton ya ɗauki dariya har wani dattijo ya ƙware. Daga ranar ya zama ƙa'ida. Duk inda aka maimaita, karo na farko baki, na biyu zuciya. Mutane suka daina gyangyaɗi, suka koma jiran duhun nan. Da allo ya yi baƙi za ka ji an yi tsit, kowa ya miƙa wuya.

Muryata ta dawo bayan kwana huɗu, amma lasifika ba ta dawo hannuna ba. Na karɓa sau ɗaya a Goronyo, wani mai kifi ya ce daga baya, a ba mai labarin mana. Na ba shi ina murmushin dole. Da ana cewa majigin Malam Attahiru, kafin damina ta faɗi ya zama majigin Mamman. Injin nawa, janareta nawa, ni na san yadda ake zura fim, ni kaɗai a siton nan ke jin abin da Turawan suke faɗa, amma na zama mai murɗa maɓalli. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, hassada ce ta kama ni, irin wadda ke sa ka ji daɗi in tari ya sarƙe ɗan'uwanka yana cikin magana. Nakan zauna bayan inji ina ƙirga ƙaryarsa, ina gaya wa kaina wai gaskiya nake kishi.

A gida ma ban huta ba. Ni da Mamman mun haska wa matan gida a tsakar gida bayan magariba, sau ɗaya tak. Washegari mahaifiyarku Hajara ta kawo mini koko tana dariya ita kaɗai.

"Maigida, ashe abin ga akwai daɗi haka? Da kai ka nuna muna ban gane komi ba."

"Abin da shika hwaɗi ba shi na cikin fim ɗin ba," na ce.

"To, da shi anka sa ciki, da ya hi."

Inna kuwa, kakarku, ta mayar da maganganunsa na yau da kullum. In baƙuwa ta shigo ta gaishe ta, bayan ta fita sai Inna ta ce, wannan bakinta ne, saura zuciyarta. Duk gidan a yi dariya, ni in tashi in bar wurin.

Mutum ɗaya ya rage wanda Mamman bai ci ba, shi ne Malam. Kun san gidanmu gidan karatu ne tun kakanni. Malam bai hana ni majigi ba, amma wasan inuwa yake kiransa, kuma ko leƙe bai taɓa yi ba. Wannan ya dame ni da farko, daga baya ya zama abin da nake lallashin kaina da shi. Mutum ne mai tsadar yabo. Ranar da na ci jarrabawar aikin akawu, madalla kawai ya ce, ya ci gaba da duba littafinsa. Sai wata safiya na je gaishe shi, na durƙusa, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba:

"An ce mini ɗan Ige na ba da labari a siton albasa. Gobe za ni in ji."

Ɗan Ige. Bai ce majiginka ba, bai ce zan zo in ga abin da kake yi ba. Na ce to, Allah ya kai mu. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Washegari a nan Wurno muka haska gwangwani na uku. Malam ya shigo bayan an fara, aka shimfiɗa masa buzu a gefe kusa da ni, inda hasken inji ke ɗan zuba a fuskarsa. Mamman ya gan shi, ya rage barkwanci. Na lura Malam ya yi murmushi sau biyu, kuma kowane murmushi na ji shi a ƙirjina. Aka zo wurin da Tsoho yake tsaye a bakin tagar kumbo, wani abu mai zagaye yana ƙanƙancewa a bayansu, yana magana mai tsawo ba tare da ya juyo ba. A sauran ranaku Mamman yakan ce Tsoho yana ƙunƙuni ne don an hana shi goro. Ranar sai ya fara da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Tsoho ya ce: ga garinmu can, ruwa ya kai ga tsamiyar bakin kasuwa. Ya ce: mun ɗauko gero, mun koro awaki, har ƙyauren ɗaki mun ɓalle mun aza ga jaki. Ya ce: abu guda munka kasa ɗaukowa, waɗanda munka gina ma rami da hannunmu. Ya ce: ni ina da ƙanwa can."

A siton akwai mutanen da aka tashe su, da yawa. Na waiga na dubi Malam, sai na ga ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ranar da aka binne Gwaggo Ige ina tsaye kusa da shi, idonsa a bushe. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar nan, kuma ba ni na fito da su ba. Wanda ya fito da su ko sunansa bai iya rubutawa. Da a ce tausayi na ji, da yau ba na wannan rubutu. Abin da na ji shi ne an shiga ɗakin da ni ɗansa na cikinsa ban taɓa samun ƙofarsa ba.

Allo ya yi duhu. Kowa ya san abin da ke tafe. Mamman ya ja numfashi.

"Wanga bakinai na. Yanzu zuciyatai..."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge lasifikar daga hannunsa daidai lokacin da hoton ya dawo, ga Tsoho a bakin taga, yana maimaita maganarsa. Na bi shi kalma da kalma, da ƙarfi, yadda na saba.

"Jama'a, ku ji gaskiyar abin da yac ce. Ya ce mai ya rage rabin tanki. Ya ce a duba waya ta biyu, ta kwance. Ya ce in an kusa isa a tashe shi, za shi kwance. Babu gari, babu ruwa, babu ƙanwa."

Mutum biyu ko uku suka yi dariya, suka haɗiye ta da suka ji su kaɗai ne. Malam ya goge fuska, ya miƙe a hankali, ya naɗe buzunsa da kansa. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma lasifikar tana hannuna a kunne, duk siton ya ji.

"Attahiru, kana tsammanin ban san bature bai san Ige ba?"

Ya fita. Mutane suka bi shi ɗai-ɗai, fim yana ta juyawa, Sarkin Kumbo yana harbin Garwa da bindigar fitila, babu mai kallo. Mamman ya jira na kashe inji, ya naɗe ƙyalle, ya ɗauki janareta a ka har zauren gidan nan, ya ajiye a inda ya saba ajiyewa.

"Malam Attahiru, ga kayanka."

Tunda muka buɗe ido bai taɓa kirana haka ba, kuma tun ranar bai sake ce mini Akawu ba.

Na ci gaba da nunawa ni kaɗai har wata biyu don kada a ce na ji kunya. Ranar ƙarshe a Goronyo mutum bakwai suka shigo, biyu daga ciki inuwa suka zo sha. Mamman ya samu fili wajen Tursa, ya koma albasarsa. Bayan 'yan shekaru bidiyo ta shigo gari, aka manta da majigi. Gwangwanayen suna ƙarƙashin gadona har fim ɗin ya manne da juna, yana wani wari mai tsami, mahaifiyarku ta sa aka zubar. Malam bai sake ɗaga maganar ba, bai yi mini faɗa ba, bai canja mini fuska ba. Da ya yi faɗan da na samu sauƙi.

A ciwonsa na ajali ya sa aka kira masa Mamman daga Tursa. Ya ce kowa ya fita, har ni. Na tsaya a bakin ƙofa, babban mutum da 'ya'ya shida, ina kasa kunne kamar ɓarawo. Muryar Mamman kawai nake ji, ƙasa-ƙasa, ba na rarrabe kalma. Bayan an yi sadakar bakwai na raka shi tasha, na daure na tambaye shi.

"Mi kunka tattauna da Malam?"

"Tambayata yay yi abin da zuciyar Tsoho tac ce."

"Ka hwaɗa mai?"

"Na hwaɗa mai."

"To, mi tac ce?"

Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya gyara hularsa.

"Na Kawu na, Malam Attahiru. Ya tahi da abinai."

Yadda labarin ya zama nawa a gidan nan kuwa, ba shiri na yi ba. Bashiru yana ƙarami ya yi zazzaɓi ya ƙi shan magani, na ce in ya sha zan ba shi labarin 'yan sama-jannati. Na buɗe baki in faɗi abin da Turawan suka ce, wanda na yi alfahari da shi har na tozarta ɗan'uwana, sai na tarar babu ko kalma ɗaya a kaina in ban da rabin tanki da waya ta biyu. Na Mamman kuwa yana nan daram, da zaren, da Garwa, da sarauniya mai rowar ruwa. Na ba da shi, kuka so shi, kuka ce Baba ya iya labari, ni kuma na karɓa. Wuri ɗaya ne ba ni da shi, zuciyar Tsoho a bakin taga. Nan na cike da nawa. Na yi shekaru ina gyara shi, na sa masa addu'a, na sa masa kalmomi masu nauyi irin na gidan malamai. Shi ne kaɗai abin da na ƙirƙira a duk labarin.

Bara ina ba jikokina labarin a ƙarƙashin dalbejiya, na zo daidai wurin, na gyara murya na fara. Asiya, 'yar Bashiru, wadda ko makaranta ba a sa ta ba, ta ja mini hannun riga.

"Kaka, wurin ga ba shi da daɗi. Wuce."

Na wuce.

Mamman yana nan da ransa a Tursa. Idonsa ya tafi, amma an ce bakin yana nan, yara suna cika ƙofar gidansa. Ni ƙafata ba ta kai ni, kuma ko ta kai ni, na san amsar da zan samu. Ku ba ku ƙwace masa komai ba. Ɗaya daga cikinku ya ɗauki wannan babi ya je ya karanta masa, tun daga farko har nan, kada ya tsallake inda na fizge lasifika. In ya gama ya tambaye shi abin da zuciyar Tsoho ta ce. Wataƙila ku ya gaya muku. In ya gaya muku, ku dawo ku faɗa mini tun ina da kunnen ji. Na san zai fi nawa daɗi, kuma na san zan ji haushi, amma ku faɗa mini.